Kiɗa Ba Ambato

Ranar da Hajiya ta gaya mini za ta rufe gidan kiɗa, sai da na ɗaga mata murya. Ni da aka haifa a gaban idonta, ni da ta sha share wa majina da bakin zanenta. Na ce, "Haba Hajiya! Shaguna? Duk shagunan da ke Gusau ba su isa ba, sai an sare durumin nan an jera masu sayar da taliya?" Ko kallona ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta a faifai, sai da na gaji da bambamina na zauna a benci, sannan ta ɗago kai.

Ta ce, "Ka gama? To waiwaya ka duba bayanka."

Juma'a ce, bayan la'asar, lokacin da a da ko wurin sa ƙafa ba ka samu. Na waiwaya. Makaɗa sun fi 'yan kallo yawa.

Ga wanda bai san wurin ba, gida ne a bayan kasuwar hatsi, da zaure babba da fili mai faɗi, da durumi a tsakiya, da rumfar kwano a gefe. Mijin Hajiya ne ya buɗe shi, Allah ya jiƙansa. Sanƙira ne, wato mai tsayawa gaban makaɗa yana yi wa mutane kirari. Kowace Juma'a makaɗa ke zuwa daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu, a fara bayan la'asar, ana kiran magariba a tashi. Ba giya, ba shashanci, shi ya sa ko a shekarun da aka riƙa yi wa kiɗa kallon banza ba wanda ya sami abin kama gidan da shi. A bakin ƙofa akwai masu hoce da ƙosai, da Fulani masu fura da nono. A nan na fara riƙe kyamara, ta aro, ina ɗaukar ƙafafun mutane saboda hannuna na rawa.

Abin da ke kawo mutane kuwa ambato ne. Makaɗi ya hango ka cikin taro, ya kira sunanka da na mahaifinka, ya faɗi garinku, ya wasa gonarka da dabbobinka, kai kuma ka miƙe kanka ya kumbura ka je ka yi masa liƙi. Duk wanda ya saba zuwa yana da takensa, ɗan gajeren kiɗan da kalangu ke yi masa shi kaɗai, wanda kowa ya ji ya san da wa ake. Har wani Ibo mai sayar da kayan babur yana da nasa, in an buga sai ya tashi yana kaɗa kafaɗa, mu kuma mu yi ta shewa.

Sai zamani ya juya. Ɓarayin daji suka hana ƙauyuka sakat, suna kore shanu suna ɗauke mutane, kuma kowa ya san suna da masu kai musu labarin wanda ke da abin hannu. Ga waya a hannun kowa. Kafin makaɗi ya rufe baki, waƙar ta fita gida ta zaga gari, gobe tana wayar wanda ba ka taɓa gani ba. Ni dai ba ni da shaidar cewa an taɓa ɗauke wani saboda waƙa, amma ba wanda ke son a gwada a kansa. Da idona na ga wani dillalin hatsi ya ja makaɗi gefe yana cusa masa abu a aljihu, yana roƙonsa don Allah in ya gan shi ya yi kamar bai san shi ba. Wallahi ranar kunya ta kama ni kamar ni na yi. Daga nan mutane suka riƙa janye jiki da ɗai-ɗai.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, da saukar karatu, da taron 'yan siyasa in sun ga damar biya. Amma na daɗe ina son in yi fim na gaskiya, wanda ba a shirya labarinsa ba, kuma ban taɓa samun abin da ya cancanta ba sai ranar nan. Na ce wa Hajiya ta yi mini alfarma ɗaya: a yi Juma'ar ƙarshe, a cika gidan kamar da, ni kuma in ɗauka, ko jikokinmu sa ga abin da aka yi a wurin kafin a zuba siminti.

Ta yarda, amma ta gindaya mini sharuɗɗa. Ba wanda zai shiga da waya, ita da kanta za ta zauna a zaure ta karɓa. Kyamarata ce kaɗai za ta ɗauki abin da aka yi. Sannan ba ambato, ko na mutum ɗaya. Ta ce, "In ka iya shawo kan tsohon nan na 'Yankuzo ya yarda da wannan, to a yi. In ba shi, kada ma ka wahalar da mutane."

Tsohon da take nufi shi ne babban makaɗin manoma da ya rage mana. Baba muke ce masa. Ya aiko cewa kada in shigo ƙauye, mu haɗu a Tsafe ranar kasuwa. Na nannaɗe kyamarata a tsohon buhu na sa a ƙarƙashin ƙafata, don a hanyar nan ba a son a gan ka da abin da ke ƙyalli. Motar ta cika maƙil amma ba mai magana. Direba idonsa ɗaya a kwalta ɗaya a daji, wata tsohuwa kusa da ni tana ta jan carbi, duk inda mota ta rage gudu sai kowa ya leƙa taga. Sai da muka hango rumfunan Tsafe wani ya yi tari, aka fara gaisawa kamar yanzu aka shigo motar.

Na sami Baba a rumfar wani mai goro, ya jingina da sandarsa. Na tsuguna na gaishe shi, na jero masa bayani. Ya saurara har na kai ga sharaɗin ƙarshe.

Ya ce, "Mi kac ce, ɗana? Kiɗi ba ambato?"

Na ce, "Haka Hajiya ta ce, Baba."

"To in yi wa wa waƙa? Durumi?"

Na ce ya yi wa noma waƙa, ya yi wa damina, ya yi wa gero da dawa, ai ba su da maƙiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce yaran birni akwai dabara. Daga baya fuskarsa ta canza. Ya ce shi ma ya san halin da ake ciki, ba a birni yake kwana ba. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce in gaya wa Hajiya ya yi alkawari, ko uwarsa ce ta tashi daga kabari ta shigo filin, ba zai kira sunanta ba. Na kunna kyamara na ɗauki hirarsa a nan cikin hayaniyar kasuwa, na kamo hanya tun rana na sama.

Ranar Juma'ar, abin da ban zata ba ya faru: gari ya zo. Da aka ji ba waya ba ambato, mutanen da suka yi shekara da shekaru ba su leƙo ba suka fito da manyan riguna. Hajiya ta zauna a zaure da ƙatuwar fanteka a gabanta, kowa ya zo ya jefa wayarsa. Wani ma'aikacin gwamnati ya jefa ɗaya ya wuce yana murmushi, ta ce, "Dawo, Malam. Ta cikin safar fa?" Ya sunkuya ya ciro, aka yi ta yi masa dariya. Ibo mai kayan babur ya zo da matarsa. Masu hoce suka dawo bakin ƙofa kamar ba su taɓa tashi ba.

Ina daidaita ƙafafun kyamara a gindin durumi sai na ji an ce, "Kai ne mai hoton?" Mace ce, za ta yi sa'ata, da farin hijabi da jakar hannu, fuskar nan ba alamar wasa. Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce a nan Gusau. Ta nuna mini wani dattijo dogo, siriri, da farar riga da ta sha wanki, ana gyara masa wurin zama a can layin baya. Na san shi, kowa ya san shi. Wani Alhaji ne daga wajen Kekun Waje, manomin da a da in ya shigo gidan nan sai kiɗa ya canza. Shi da Baba tun suna samari suke tare, Baba ne ke yi masa kiɗa a gona ranar gayya.

Ta ce, "Mahaifina ne. Magani ya zo karɓa, yana wurina, jibi-jibin nan zai koma gida don shuka. Na hana shi zuwa nan ya ƙi. Don Allah, Malam, kada kyamararka ta kalle shi, kada a kira sunansa. Ƙauye zai koma, ba birni ba."

Raina ya ɗan sosu da yadda ta yi maganar, kamar ni ne ɓarawon. Na ce, "Malama, an riga an yi alkawari, ki kwantar da hankalinki." Ta ce hankalinta zai kwanta in sun fita ƙofar nan lafiya. Ta koma ta zauna kusa da shi, jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu.

Aka fara. Ƙananan makaɗa suka yi nasu suka sauka, sannan Baba ya fito da masu kalangunsa da 'yan amshi, dukansu furfura ta cim musu. Ya yi wa damina waƙa. Ya yi wa gero waƙa. Muryar tana nan, kiɗan yana nan, amma abin ya ƙi tashi, kamar tuwon da aka manta ba a sa wa miyarsa gishiri ba. Ta cikin kyamara ina ganin abin da 'yan kallo ba sa gani: idonsa na sauka a kan mutum, bakinsa ya buɗe, sai ya haɗiye sunan ya maye gurbinsa da "manomi". Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Mutane na zaune tsit, kowa na jiran abin da shi da kansa ya roƙa kada a yi. Na ce a raina, shi ke nan, na tara jama'a na ɗauki jana'iza.

Rana ta yi ƙasa, inuwar durumi ta kai bango. Wani da ke gaban Alhaji ya tashi zai fita, layin ya buɗe, sai ga farar rigar nan a fili. Ba Baba ne ya fara ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Babban mai kalangunsa ne. Ya ɗago kai ya ga Alhaji, hannunsa ya tafi da kansa, ya saki taken da ya yi shekaru yana bugawa duk sanda mutumin nan ya shigo. Sau ɗaya tak ya buga, ya dafe fatar da tafin hannu kamar wanda ya taɓa wuta. Amma an riga an ji. Filin ya yi wani irin gurnani, kawuna suka juya baya.

Na dubi Baba. Ya tsaya cak, ya rufe ido. Na dubi Hajiya a bakin zaure, ta miƙe tsaye tana girgiza masa kai. Malama ta dafa gwiwar mahaifinta da ƙarfi. Shi kuwa Alhaji sai ya cire hannunta a hankali, ya dafa sandarsa, ya miƙe.

Shi ke nan, alkawari ya tashi. Baba ya buɗe murya ya kira sunansa, da na mahaifinsa, da na kakansa. Ba zan rubuta su a nan ba. Kalangu suka ɗauka gaba ɗaya, 'yan amshi suka karɓa kamar an kwance musu dabaibayi. Ya bi hanyar gidan Alhaji da waƙa, daga tsamiyar bakin rafi har ƙofar zaure. Ya jero rumbunan da ke bayan gida, ya ce baƙo ya ci ya yi guzuri ba a san an taɓa ba. Ya shiga garke ya riƙa kiran shanun da kamanninsu: jan bijimi mai karyayyen ƙaho, farar saniyar da ta haifi tagwaye, baƙaƙen shanun huɗa da ba a sa musu bulala. Alhaji na tahowa tsakiyar fili a hankali, mutane na buɗa masa hanya, mata na guɗa, dattawa na share ido da hannun riga. Da ya iso, bai sa hannu a aljihu ba. Hularsa ya cire ya ɗora wa Baba a ka.

Ban kashe kyamara ba. Na bi shi da ita tun daga benci har gindin durumi, hannuna ko rawa bai yi ba, hasken yamma kuma ya sauka a fuskokinsu yadda ko roƙa na yi ba zan samu ba. Tun da nake ɗaukar hoto ban taɓa kama abu irin wannan ba, kuma ina cikin ɗauka na san ba zan ƙara ba. Aka kira magariba, kiɗa ya tsaya. Mutane suka bi layi suna tsintar wayoyinsu a fanteka.

Malama ta tare ni a zaure. Muryarta ƙasa-ƙasa take. Ta ce, "Ka ba ni abin da ka ɗauka." Na ce ba a haka, ta bari in duba, akwai dabarun aiki. Ta ce, "Dabara? Da ran mahaifina za ka yi dabara?" Zuciya ta ɗebe ni na ce ai ba ni na ce ya miƙe ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce gobe tana nan zuwa shagona, kuma in abin nan ya fita kafin ta zo, ni da Allah. Baba na zaune a gefe da hular Alhaji a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa.

Shagon nawa kuwa mu biyu ne a ciki. Ni ina gefe da kwamfutata, ɗan'uwana yana ɗaya gefen yana tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya, tun safe har yamma ba a rasa cincirindo. Ba sau ɗaya ba, bidiyon bikin da na aje na ji shi a wayar ɗan acaɓa kafin in kai wa masu shi, kuma har yau ba a sami wanda ya ce shi ne ba. Don haka katin da na yi ɗaukar a kansa ban bar shi ya kwana a shago ba. A aljihun 'yar cikina na sa shi, ina taɓawa kamar mai ciwon ƙirji.

Da safe na rufe ƙofar shago, na kori kowa, na zauna neman mafita. Na dusashe fuskar Alhaji, amma sunansa na nan a bakin Baba. Na cire muryar Baba na bar hoton, ya zama wasu tsofaffi biyu na motsa baki. Na ce to bari in nuna hannun mai kalangu kawai, in bar kiɗan ba waƙa. Na saurara sau ɗaya na yi tsaki, domin kalangun ma sunansa yake kira, duk wanda ya tashi a ƙasar Bungudu ya ji taken nan ya san gidan da ake nufi. Duk ta inda na ɓullo, Alhaji na tsaye a wurin.

Malama na zuwa na nuna mata duk abin da na gwada, na ce ta ba ni lokaci, ko in ɓoye wannan yanki sai bayan shekaru, in ƙura ta lafa. Na yi ta zuba, har da cewa tarihi ne, ba nawa ba ne ni kaɗai. Ta bar ni na gama. Sannan ta zauna a kujerar masu jira, ta aje jakarta a ƙasa, karon farko da na ga ta sake ta.

Ta ce, "Malam, ka san shanun nan da aka lissafa jiya? Babu ko ɗaya. An kore su tun bara waccan, da rana tsaka, yana tsaye yana kallo. Rumbunan ma babu komai a ciki, abin da ya rage an sayar an fanso ƙanena. Jaki ɗaya gare shi yanzu da gonar bayan gida. Abin da ya sa aka ƙyale shi ke nan, an san ba shi da komai. In waƙar nan ta shiga daji, cewa za a yi ya ɓoye wasu a wani wuri. Za su zo su ɗauke shi su nemi abin da babu. Ka gaya mini, me zan sayar?"

Na tambaye ta ko Baba bai san an kore shanun ba. Ta ce ya sani mana, shi ya fara zuwa jaje.

Duk da haka, don kada in yi ƙarya, ban ce na yarda nan take ba. Na ce sunan Alhaji ne, waƙarsa ce, a bari shi ya yanke. Ta ce ta ji, in zo gidanta bayan azahar, in taho da duk inda abin yake.

Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da ƙullin magungunansa a gefe. Na gaishe shi, na aje kwamfuta a kan turmi da aka kifa, na sa katin. Malama ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta harɗe hannu. Kafin in kunna ya ce, "Ɗiyata ta hwaɗa mani abin da ta ka so. Ni kau na ce a bar shi. Na tsufa, mi za su yi da ni?"

Ta ce, "Baba, ba kai kaɗai ke kwana a gidan ba. Inna na nan. Jikokinka na nan."

Ya yi mini alama da hannu in kunna.

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Da aka zo kan tsamiyar bakin rafi ya gyaɗa kai. Da aka kira jan bijimi mai karyayyen ƙaho sai ya yi 'yar dariya, ya ce da katangar maƙwabci ya karya shi, fitinanne ne. Farar saniya kuwa da aka ambace ta, leɓensa kawai ke bin waƙar. Aka gama ya ce in mayar. Na mayar. Aka gama ya ce in ƙara. Ina satar kallon Malama, ina jiran ta ce ya isa, amma ba ta ce ba, ta juya fuskarta wajen bango. Ni kuwa addu'a nake a raina ya dage, ya ce a bari, in sami abin fakewa. Wata jikarsa da ke zaune a gidan don makaranta ta fito da kwanon ruwa ta aje masa, ta leƙa gilashin ta ce, "Lah, ga Alhaji a talabijin!" ta koma ciki da gudu. Ya bi ta da kallo har ta shige.

Da waƙar ta ƙare a karo na ƙarshe, ya koma ya jingina da bishiya. Ya daɗe yana kallon hoton da ya tsaya, shi da Baba da hula a tsakaninsu. Sannan ya ce, "Malam, akwai shi wani wuri ban da nan?"

Na ce akwai a kwamfuta, akwai a kati, babu a ko'ina kuma.

Ya ce, "To share su duka. Ina kallo."

Wallahi ji na yi kamar in ɗauki kwamfutar in ruga. Na share na kwamfuta. Na share na kati. Malama ta matso ta ce in buɗe inda abin da aka share ke taruwa, na buɗe, na share a can ma. Ta miƙo hannu na zare katin na ba ta, ta shiga madafa da shi, na ji ƙarar taɓarya.

Alhaji ya ɗauki kwanon ruwan ya kurɓa, ya aje. Ya ce, "To. Yau anka kore su."

Na haɗa fim ɗin da abin da ya rage. Akwai hirar Baba a kasuwar Tsafe, akwai Hajiya da fantekarta, akwai waƙar damina da ta gero, akwai ranar da aka zo da gatari aka sare durumin. Waɗanda ba su je ba in sun kalla sai su ce ya yi kyau, sai dai kamar an yanke shi ana tsakiyar abu. Waɗanda suka je ba sa cewa komai. Baba bai taɓa neman ya gani ba, kuma na ji an ce tun ranar bai ƙara amsa gayyatar kiɗa ba. Har yanzu in na wuce ta bayan kasuwar hatsi na ga shagunan nan, raina ɓaci yake, ba na ɓoyewa.

Alhaji ya koma gida ya yi shukarsa. Bayan kaka na haɗu da Malama a bakin tasha, ta tsaya muka gaisa, abin da ban zata ba. Na tambaye ta jikin Alhaji. Ta ce da sauƙi, yana can, ya sami gero daidai na ci. Na ce ba dai wanda ya zo nemansa ko? Ta ce babu, ba wanda ya ko tambayi sunansa.